Yadda jinkirin 'yan makonni ke hana matan tsofaffin sojojin Amurka diyyar shekara guda

Idan tsohon soja ya rasu a Amurka, kuma aka tabbatar cewa rauni ko cutar da ya ɗauko a bakin aiki ce ta yi ajalinsa, gwamnatin tarayya tana biyan matarsa diyya a kowane wata har ƙarshen rayuwarta. Wannan sanannen abu ne. Abin da yawancin iyalai ba sa ganewa sai bayan sun karɓi takardar hukunci shi ne akwai tambaya ta biyu da ke tafe da ta farko: daga wace rana za a fara lissafin kuɗin?

Ranar nan, wadda za mu kira ranar fara lissafi, ita ce ke nuna yawan ariyas da mace za ta karɓa a dunƙule. Mata biyu da mazansu suka rasu rana ɗaya, da cuta iri ɗaya, bayan aiki a runduna ɗaya, suna iya samun bambancin fiye da dala 20,000 a tsakaninsu don kawai takardar ɗaya ta riga ta ɗaya isa ofis da 'yan makonni. A wasu shari'o'in kuma bambancin na shekaru goma ne ko fiye. Shi ya sa rigima a kan kwanan wata ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi kai ƙara a kansu a harkar 'yan mazan jiya, har ta kai gaban Kotun Ƙolin ƙasar.

Wannan bayani ya duba yadda dokar take, inda take da sassauci, inda ba ta da shi, da dalilin da ya sa batun ya zama na siyasa.

Wace diyya ce ake magana a kai?

Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda aka fi sani da VA, ita ce ke biyan kuɗin. Babbar diyyar magada ana kiranta DIC a taƙaice. Majalisar Dokokin Amurka ta kafa ta da wata doka ta 1956, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 1957. Ba a cire mata haraji, kuma ba a duba arzikin mai karɓa. Duk da cewa mata ne mafi yawan masu karɓa, dokar ta haɗa har da namijin da matarsa soja ce ta rasu.

Hanyoyi uku ne ke kai mutum ga wannan haƙƙi. Na farko, sojan ya mutu yana bakin aiki. Na biyu, ya mutu bayan ya bar aiki, amma rauni ko cutar da ke da nasaba da aikin ce ta kashe shi, ko ta taimaka ƙwarai wajen mutuwarsa. Na uku, wani abu dabam ne ya kashe shi, amma ma'aikatar ta riga ta ɗauke shi a matsayin mai cikakkiyar naƙasa ta dalilin aiki na tsawon shekara 10 kafin rasuwarsa, ko shekara 5 tun daga ranar sallamarsa, ko shekara 1 idan ya taɓa zama fursunan yaƙi.

Auren ma yana da sharuɗɗa. Ga wanda ya rasu bayan barin aiki, ana buƙatar ɗaya daga cikin uku: an ɗaura auren cikin shekara 15 da sallamarsa daga aikin da ya samu raunin a cikinsa, ko auren ya kai shekara guda, ko sun haihu. Ana kuma so su kasance suna zaune tare har rasuwar, sai dai idan rabuwar ba laifin matar ba ce. Ba a sharɗanta cewa sai matar 'yar ƙasar Amurka ce ba, kuma ingancin aure ana auna shi da dokar wurin da ma'auratan suke zaune lokacin ɗaurin auren ko lokacin da haƙƙin ya tabbata.

Ga waɗanda mazansu suka rasu daga 1 ga Janairun 1993 zuwa yau, kuɗin bai ɗaya ne, ba ruwansa da muƙamin mamacin. Daga 1 ga Disambar 2024 ya kasance dala 1,653.07 a wata, kuma ana daidaita shi da tsadar rayuwa a duk Disamba. Akwai ƙari ga mai ƙananan yara, da mai buƙatar wanda zai kula da ita, da wadda ta yi shekara 8 tana auren mijin alhali yana cikin cikakkiyar naƙasa.

Akwai kuma fanshon magada, wanda ya bambanta da DIC. Shi ana ba matan sojojin da suka yi aiki a lokacin yaƙi ne idan abin da suke samu bai kai wani mizani ba, ko da mutuwar ba ta da alaƙa da aikin soja.

Ƙa'idar shekara guda

Tushen maganar yana sashe na 5110 na kundi na 38 na dokokin tarayyar Amurka. Ƙa'idar asali a wurin gajeriya ce: ba a fara lissafi kafin ranar da ma'aikatar ta karɓi takardar nema. Ranar da mutum ya cancanta ba ita ake dubawa ba. Ranar da ya nema ake dubawa.

Sai dokar ta yi wa magada togaciya. Idan takardar ta isa cikin shekara guda da rasuwar, ana mayar da ranar fara lissafi zuwa ranar farko ta watan da aka yi rasuwar. Idan shekarar ta wuce, ko da kwana ɗaya ne, an koma ƙa'idar asali.

Akwai wani sashe kuma, na 5111, da ke cewa biyan kuɗi yana somawa ne daga ranar farko ta watan da ke bin watan da haƙƙin ya fara aiki. Wato watan farko ba a biyansa. Abin da ke cike wannan giɓi ga matar mamaci shi ne sashe na 5310, wanda ya ba ta kuɗin da mijinta zai karɓa na watan da ya rasu, idan dama yana karɓar diyya ko fansho daga ma'aikatar.

Mu ɗauki misali. A ce tsofaffin sojoji biyu sun rasu ranar 20 ga Maris 2025. Matar na farko ta miƙa takardarta a watan Fabrairun 2026, wata goma sha ɗaya bayan rasuwar. Ranar fara lissafinta ita ce 1 ga Maris 2025, kuɗinta kuma zai taru tun daga Afrilun 2025. Matar na biyu ta miƙa tata ranar 10 ga Afrilun 2026, mako uku bayan cikar shekara. Ranar fara lissafinta ita ce 10 ga Afrilun 2026, kuɗinta zai soma daga Mayu. Wata goma sha uku sun tafi ke nan, wato sama da dala 21,000 a kan mafi ƙarancin abin da ake biya, kuma babu wanda zai ce an yi mata ba daidai ba a idon doka.

Shekara guda tana da tsawo a kan takarda. A gidan makoki kuwa gajeriya ce. Akwai jana'iza, da bashin asibiti, da rabon gado, da neman takardar shaidar mutuwa, wani lokacin da tashi daga gida. Ga iyalan Musulmi, takabar wata huɗu da kwana goma ta riga ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na wa'adin, domin lissafin doka yana somawa ne daga ranar rasuwa. Da yawa kuma ba su taɓa jin sunan diyyar ba, musamman idan mijin ya bar aikin soja shekaru talatin ko arba'in kafin cutar ta bayyana. Rashin sani ya fi dare duhu, amma a wannan fage ba ya zama hujja.

Wa'adin shekara gudan bai tsaya kan DIC ba. Idan mijin ya rasu alhali ma'aikatar tana riƙe da wasu kuɗinsa da ba ta biya ba, sai an nema cikin shekara guda. Idan kuma ya rasu yana tsakiyar neman wani haƙƙi ko ɗaukaka ƙara, matarsa tana iya maye gurbinsa ta ci gaba da shari'ar, dama ce da aka buɗe ga waɗanda suka rasu daga 10 ga Oktoban 2008, ita ma cikin shekara guda.

Wanda ya faɗi a bakin daga

Ga sojan da ya mutu yana cikin aiki, lissafin ya ɗan bambanta. Shekara gudan tana somawa daga ranar da rundunar soji ta fitar da rahoton mutuwarsa, ko ta yanke cewa a ɗauke shi a matsayin mamaci, kuma ana mayar da haƙƙin zuwa farkon watan da rundunar ta ayyana a matsayin watan mutuwar. Sai dai ba a biyan diyya na lokacin da iyali suka ci gaba da karɓar albashi ko alawus ɗin mamacin.

Hikimar wannan tana bayyana ga duk wanda ya tuna harin kwanton ɓauna na Tongo Tongo a jihar Tillabéri ta Jamhuriyar Nijar, ranar 4 ga Oktoban 2017, inda aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da takwarorinsu na Nijar. Gawar ɗaya daga cikinsu, Sajan La David Johnson, sai bayan kimanin kwana biyu aka gano ta. A yaƙe-yaƙen baya akwai waɗanda aka yi shekaru ba a san makomarsu ba. Doka ba za ta fara ƙirga wa mace wa'adi ba alhali hukuma kanta ba ta ce mijinta ya mutu ba.

A aikace, iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki ba su cika faɗawa tarkon wa'adi ba, domin runduna tana tura musu jami'in da zai taya su cike takardu. Waɗanda suka fi faɗawa su ne matan tsofaffin da suka mutu a gida ko a asibiti, shekaru da yawa bayan an manta da yaƙin da suka yi.

Me doka ke ɗauka a matsayin "nema"?

Tunda komai ya rataya a kan ranar da takarda ta isa, sai tambaya ta koma: wace takarda? Kafin 24 ga Maris 2015, ko wasiƙar hannu ce da ke nuna niyyar neman haƙƙi tana iya tsayar da kwanan wata. Daga wannan rana ma'aikatar ta koma amfani da fom na musamman. Na matar mamaci shi ne mai lamba 21P-534EZ.

Duk da haka akwai hanyoyi uku da ke ceton kwanan wata.

Ta farko ita ce sanarwar niyya. Mace tana iya sanar da ma'aikatar, ta fom mai lamba 21-0966 ko ta waya, cewa tana da niyyar neman haƙƙin magada. Daga ranar tana da shekara guda ta kammala cikakkiyar takarda, kuma idan ta yi hakan za a ɗauka tamkar ranar sanarwar ta miƙa komai. Wadda ta yi sanarwar a wata na goma sha ɗaya bayan rasuwa, ta kammala bayan wasu watanni takwas, ba ta yi asarar komai ba.

Ta biyu tana sashe na 5105. Amurka tana da wata hukuma dabam, SSA, mai biyan fanshon tsufa da na magada ga ma'aikata baki ɗaya. Takardar neman kuɗin magada da aka miƙa wa wannan hukuma ana ɗaukarta a matsayin nema a wurin VA ma, tun daga ranar da aka miƙa ta. Mata da yawa suna zuwa SSA cikin makonnin farko na rasuwa, domin ita kowa ya sani, sannan su yi shekaru kafin su ji labarin DIC. Ga irin waɗannan, tsohuwar takardar da ke ajiye a wancan ofishi tana iya zama hujjar neman a mayar da lissafi baya.

Ta uku kuma ita ce doka ta ce neman DIC ya ƙunshi neman fanshon magada da kuɗin mamacin da suka maƙale, haka ma neman fansho ya ƙunshi neman DIC. Wadda ta nemi ɗaya ta nemi duka, kuma kwanan watan ɗaya ne.

Idan doka ta canza bayan rasuwa

Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma nan ne kuɗin suka fi yawa. Tabbatar da cewa aikin soja ne ya jawo kansar da ta bayyana bayan shekara ashirin abu ne mai wuya. Don haka Majalisa da ma'aikatar suna da jerin cututtuka waɗanda doka ke ɗauka kai tsaye cewa aikin ne ya jawo su, muddin sojan ya yi aiki a wani wuri a wani lokaci. Jerin yana ƙaruwa sannu a hankali, sau da yawa bayan waɗanda abin ya shafa sun riga sun mutu, an kuma riga an hana matansu diyya.

Ƙa'idar da aka saba da ita ba ta da yalwa. Idan sabuwar doka ta buɗe ƙofa, wanda ya nema cikin shekara guda da fara aikinta ana iya fara masa lissafi daga ranar dokar. Wanda ya makara kuma, iyakar abin da zai samu shi ne shekara guda kafin ranar nemansa. Ba a komawa bayan ranar dokar. Matar da aka hana a 1995, aka sa cutar mijinta a jerin a 2010, bisa wannan ƙa'ida ta rasa shekara goma sha biyar.

Sau uku aka karya wannan katanga.

Na farko ya zo ta hanyar kotu. A yaƙin Biyetnam sojojin Amurka sun fesa miliyoyin galan na sinadaran kakkaɓe ganyen daji, mafi shahara a cikinsu shi ne Agent Orange. A 1986 tsofaffin sojoji da magadansu suka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a wata kotun tarayya a Kalifoniya, wadda aka sani da shari'ar Nehmer. A watan Mayun 1989 kotun ta soke ƙa'idar da ma'aikatar ke amfani da ita wajen ƙin biyansu, a 1991 kuma aka cimma yarjejeniyar da kotu ta amince da ita. Abin da yarjejeniyar ta ƙunsa shi ne, duk lokacin da aka ƙara wata cuta a jerin cututtukan wannan sinadari, dole ma'aikatar ta zaƙulo tsofaffin takardun da ta ƙi, ta sake duba su, ta biya tun daga ranar neman farko. Idan matar ta nema cikin shekara guda da rasuwa, a koma har watan rasuwar. Idan ita ma ta rasu kafin a biya, kuɗin ya tafi ga magadanta. Lokacin da aka ƙara ciwon zuciya na toshewar jijiyoyin jini, da cutar karkarwa ta Parkinson, da wasu nau'o'in kansar jini a watan Agustan 2010, wannan yarjejeniya ce ta tilasta sake buɗe dubban takardu.

Na biyu ya shafi sojojin ruwa da suka yi aiki a jiragen da ke tekun Biyetnam ba tare da sun taka ƙasa ba. An daɗe ana cire su daga jerin. A watan Janairun 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Procopio, ta ce ruwan da ke cikin mil 12 na teku daga gaɓa yana cikin ƙasar Biyetnam. Majalisa ta bi da doka a shekarar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, ta kuma ba waɗanda aka hana tun daga 25 ga Satumbar 1985 damar sake nema tare da kwanan watansu na asali.

Na uku shi ne dokar PACT, wadda Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ranar 10 ga Agustan 2022. Ta shafi sojojin da suka shaƙi hayaƙin manyan ramukan ƙona shara a sansanonin Iraƙi da Afganistan da wasu ƙasashe, ciki har da Somaliya da Jibuti da Masar. Ta ƙara cututtuka fiye da 20, yawancinsu kansa da cututtukan huhu, ta kuma sa hawan jini a jerin na Agent Orange. Ga magada, dokar ta ce wadda aka taɓa hana DIC tana iya neman a sake duba takardarta, kuma idan aka amince, za a sa kwanan wata tamkar sabon jerin yana aiki tun ranar da ta fara nema. Wannan sake dubawa sai an nema. Ma'aikatar tana da nauyin sanar da waɗanda abin ya shafa, amma zaɓin na matar ne.

A duk ukun akwai sharaɗi guda: sai an taɓa nema a baya. Wadda ta nema aka hana ta, ta kafa turken da za a iya komawa gare shi bayan shekara ashirin. Wadda aka ce mata kada ta wahalar da kanta domin ba za a ba ta ba, ta kuma haƙura, ba ta da wannan turke. Ita ƙa'idar shekara guda ce kawai ta rage mata, kuma ga masu neman a fara musu daga ranar da aka sa hannu kan PACT, wa'adin ya ƙare ranar 14 ga Agustan 2023, bayan ƙarin 'yan kwanaki da aka yi saboda cunkoso a shafin ma'aikatar.

Ko uzuri yana tsayar da wa'adi?

A fannoni da yawa na shari'ar Amurka, alƙali yana da ikon ɗage wa'adi idan mutum ya nuna wani abu da ya fi ƙarfinsa ne ya hana shi zuwa a kan lokaci. An gwada wannan a nan. Adolfo Arellano ya yi aikin sojan ruwa daga 1977 zuwa 1981, bai nemi diyyar naƙasa ba sai a 2011. Ma'aikatar ta amince cewa ciwon taɓin hankalinsa yana da nasaba da aikin, amma ta fara lissafi daga 2011. Ya ce ciwon ne da kansa ya hana shi nema tun farko.

Ranar 23 ga Janairun 2023 Kotun Ƙoli, da bakin dukkan alƙalanta tara, ta ƙi. Mai shari'a Amy Coney Barrett, wadda ta rubuta hukuncin, ta kafa hujja da cewa Majalisa ta riga ta jera togaciya 16 a sashe na 5110, wasunsu ma saboda tausayi aka yi su, don haka ba hurumin kotu ba ne ta ƙara ta goma sha bakwai. Hukuncin ya shafi sakin layin da ke magana kan tsohon soja ne da kansa, amma hujjar da aka gina shi a kai ta dubi tsarin sashen baki ɗaya, kuma ƙa'idar shekara guda ta magada tana cikin wannan sashe.

Abin da ya rage shi ne bin matakai a kan lokaci. Tun 19 ga Fabrairun 2019, wanda bai gamsu da hukunci ba yana da zaɓi uku cikin shekara guda: ya kawo sabuwar hujja, ko ya nemi babban jami'i ya sake dubawa, ko ya kai ƙara hukumar ɗaukaka ƙara ta ma'aikatar. Daga can akwai kotu ta musamman ta tsofaffin sojoji, wadda aka kafa a 1988, da wa'adin kwana 120. Muddin sarƙar ba ta tsinke ba, kwanan watan farko yana nan ko da shari'ar ta ɗauki shekara bakwai. Idan ta tsinke, hukuncin ya zama na ƙarshe, har da kwanan watan da ke cikinsa. Wannan ya shafi har wadda aka ba diyyar: idan ranar da aka sa mata ba daidai ba ce, ita ma shekara guda take da ita ta yi jayayya, kuma kotun ta yanke tun 2006 cewa ba a dawowa daga baya a nemi gyaran kwanan wata shi kaɗai.

Ƙofofi biyu ne suka saura bayan haka, duk ƙanana. Ɗaya ita ce a nuna kuskure bayyananne wanda babu gardama a kansa, bisa hujjoji da dokar da ke akwai a ranar da aka yi hukuncin. A watan Yunin 2022, a shari'ar George, Kotun Ƙoli ta ƙara ƙuntata ta, inda ta ce soke wata ƙa'ida daga baya bai mayar da tsohon hukuncin da aka gina a kanta kuskure irin wannan ba. Ɗayar kuma ita ce a gano takardun aikin soja na hukuma waɗanda suna nan a lokacin amma ba a sa su a fayil ba. Idan su ne suka sauya hukuncin, ana komawa ranar neman farko.

Sake aure

Kwanan wata yana aiki a ɗaya ɓangaren ma. Idan mace ta sake aure, diyyarta tana tsayawa daga ranar ƙarshe ta watan da ya gabaci auren, kuma abin da aka biya bayan nan bashi ne a kanta. Togaciyar ta shekaru ce: wadda ta sake aure daga 16 ga Disambar 2003 tana da shekara 57 ko fiye tana riƙe haƙƙinta, daga 5 ga Janairun 2021 kuma aka sauko da shekarun zuwa 55. Idan auren na biyu ya mutu ta hanyar saki ko rasuwa, tana iya neman a dawo mata da diyyar. Matan da wannan ƙa'ida ta fi ƙuntata wa su ne matasa, matan waɗanda suka mutu a Iraƙi da Afganistan suna 'yan shekara ashirin da wani abu, waɗanda aka bar wa zaɓi tsakanin sabon aure da abin ciyar da 'ya'ya.

Me ya sa batun ya zama na siyasa?

Masu kare tsarin suna da hujjarsu. Gwamnati tana bukatar sanin abin da za ta kashe. Hujjoji suna ɓacewa da daɗewa, shaidu suna mutuwa. Ƙa'ida guda ga kowa kuma ta fi barin komai ga ra'ayin jami'i, wanda zai tausaya wa wannan ya ƙi wancan. Nauyin yaƙi dama yana da tsawon rai: mutum na ƙarshe da ke karɓar fanshon yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, ita ce Irene Triplett, 'yar wani soja, kuma sai a 2020 ta rasu.

Masu suka kuma suna cewa tsarin ya ɗora nauyin sani a kan wanda ya fi kowa rauni a lokacin. Gwamnati ce ta tura sojan, ita ce ke riƙe da bayanan inda ya je da abin da ya shaƙa, ita ce kuma ta yi shekaru tana musun alaƙar cutar da aikin. Duk watan da ta jinkirta amincewa, ita ce ke samun rarar kuɗi, kuma ba ta biyan riba a kan ariyas.

Tarihin ya nuna cewa sauyi yana zuwa ne daga Majalisa ko daga ƙarar haɗin gwiwa, bayan matsin lamba mai tsawo. An yi shekaru da dama ana cire kuɗin DIC daga fanshon magada da sojoji suka biya da albashinsu a Ma'aikatar Tsaro, abin da matan suka laƙaba wa suna harajin gwauraye. Sai a Disambar 2019 aka soke shi, a hankali, har ya ƙare ranar 1 ga Janairun 2023, kuma ba a mayar wa kowa abin da aka cire a baya ba. Yanzu ƙungiyoyin magada sun karkata ga abubuwa biyu da aka sha gabatar da ƙuduri a kansu: a ɗaga DIC daga kimanin kashi 43 cikin ɗari na abin da mai cikakkiyar naƙasa ke karɓa zuwa kashi 55, a kuma cire hukuncin sake aure.

Kafin wannan ya tabbata, shawarar da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji ke bai wa magada ba ta sauya ba, kuma taimakonsu kyauta ne, domin doka ta hana lauya karɓar kuɗi a kan neman farko. A yi sanarwar niyya kafin shekara ta cika, ko da hujjoji ba su kammala ba. A adana kwafin duk takardar da aka miƙa wa kowace hukuma. Idan takardar hukunci ta iso, a duba ranar fara lissafi kafin a duba adadin kuɗin, domin wa'adin jayayya a kanta ya fara tun daga ranar da ke jikin wasiƙar.